'Ya'yan Gaurakan Fadamar Artabu

Ranar Talatar da aka nemi 'ya'yan gauraka aka rasa a Fadamar Artabu, iyayen ne suka fara kai ƙara. Tun wayewar gari suke kewaya tabkin suna wannan kuka nasu mai kama da busar ƙaho, har matan Zangon Marke suka tsaya da daka suna tambayar juna ko lafiya.

Wanda bai san wurin ba sai an yi masa bayani. Fadamar tana ƙasar Roni, a gindin duwatsu. Shekara arba'in kafin wannan rana, tun Nasara bai zo ba, mahara daga arewa suka yi karo da mutanen garin a nan, aka wuni ana gwabzawa. Duk wanda ya faɗi, inda ya faɗi nan aka haƙa aka rufe shi, ba dutse ba alama. Daga ranar dattawa suka ce jinin da wannan ƙasa ta sha ya isa haka. Shanu su sha ruwa, masunta su kama kifinsu, mata su ciri bado, amma ba harbi, ba tarko, ba taɓa ƙwai. Tsuntsaye kuwa sai ka ce shela aka yi musu. Kirinjijiya da dinya da zalɓe da belbela suka maida wurin gida, sai kuma gauraka guda biyu, mace da namiji, waɗanda duk damina suke ƙyanƙyasa a wani ɗan tsibirin ciyawa.

A wannan daminar wani Di'o, Baturen mulki, ya zo rangadi. Kwana biyu ya ce zai yi, ga shi har ya yi shida. Kullum da safe sai ya tafi bakin fadama, Falalu mai kula da bariki yana biye da shi da kujera a ka. Ya zauna, ya kafa madubin hangen nesa a ido, ya leƙa, ya rubuta a littafi, ya sake leƙawa. Kafin kwana uku garin ya raɗa masa suna Mai Leƙe. Shi ne ya leƙa ranar Talata ya ga babu 'yan tsakin gaurakan guda biyu, wuyansa ya yi ja wur, ya aika a kira dagaci.

Dagaci Muhammadu Lawal kuwa ya aika a kira Na'Allah.

Na'Allah tsohon maharbi ne, ya ba hamsin baya, kuma daga Gwiwa har Babura in akuya ta ɓata ko an fasa rumbu, shi ake nema. Ido kam Allah ya ba shi. Matsalarsa ɗaya, yana son a ce ya iya, kuma bakinsa ya fi idonsa sauri. Da ya iso ya tarar da rabin gari a tsaye, ga Bature yana kallonsa, sai kansa ya ɗan kumbura. Ya naɗe wando ya shiga taɓo. Shanu sun riga sun dagula wurin, amma dab da tsibirin ya ga sawun mutum, doguwar ƙafa, ga ramin sanda a gefenta.

Ko tsugunawa bai yi ba ya ɗaga murya. "Wannan ai ƙafar Sama'ilu ce, ɗan Adda na ruga."

Shi ke nan. Gaskiya ya faɗa, ƙafar Sama'ilu ce, amma ba wanda ya tsaya jin sauran. Dama rugar shekararta biyu kacal a wurin, kuma akwai masu ganin shanun sun cika matsowa kusa da gonaki. Kafin hantsi ya dubi ludayi an kamo saurayin daga wurin kiwo, an ɗaure shi a turken zauren dagaci.

Di'o yana jin Hausa, sai dai a miƙe take fita kamar sanda. Ya ce, "Zan tashi ranar Alhamis. In ba a kawo tsuntsaye ba, wannan mutum zai je wurin alƙali a Roni. Mutanensa za su bar wannan ƙasa."

Dagaci ya ce, "An gama, ranka ya daɗe." Har da ajiyar zuciya, don ya ji daɗi laifin bai faɗa kan ɗan gari ba.

*

Da azahar Na'Allah ya leƙa zauren, yana tsammanin saurayin zai faɗi inda ya ɓoye su a huta. Ya tarar da shi zaune, igiya ta ci wuyan hannunsa.

"Sama'ilu, faɗa mini tsakaninka da Allah. Ka je tsibirin?"

"Na je, Baba. Jiya da yamma sakaliya. Maraƙi ne ya kafe a taɓo, na shiga na jawo shi."

"Ka ga 'yan tsakin?"

"Ban gansu ba. Iyayen dai na gani suna ta kuka tun kafin in iso. Har na ce a raina ko guza ya yi musu ɓarna."

Na'Allah ya auna maganar. Idan iyayen suna kuka tun kafin shanu su iso, to an riga an yi abin da aka yi. Ya ce, "Me ya sa ba ka faɗa ba da safe?"

"Wa ya tambaye ni, Baba? Cewa aka yi kai ka faɗa."

Na'Allah ya miƙe. Ya fita ya nufi ruga, don in akwai 'yan tsaki a can dole su bar kashi ko gashi. Ya duba bukkoki, ya duba ƙarƙashin gadajen kara, babu komai. Adda, uwar Sama'ilu, tana zaune tana ɗaure ƙore a cikin raga, ko gaisuwarsa ba ta amsa da kyau ba.

Ta ce, "Ka duba ka ƙoshi, Na'Allah? Shekara biyu kana shan nono a gidan nan. A tsakiyar damina, gonaki sun rufe ko'ina, ta ina za mu bi da shanu tamanin? Duk inda muka taka sai an ce mun yi ɓarna. Mijina yana kwance ba ya iya tashi, yaron nan shi kaɗai gare mu."

"Adda, ki dakata da ɗaure kayan nan zuwa jibi."

"Kai ka dakata da ka buɗe baki?"

Kunya ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji ba tun da ya fara bin sawu. Ya juya ya tafi, yana jin maganar tana bin sa har bakin hanya.

*

Mutum na biyu da ke shiga fadamar kullum shi ne Halliru masunci, kuma Halliru ba ya rasa abin zargi, don an taɓa raɗe-raɗin cewa gidansa ana cin naman dinya. Na'Allah ya same shi a inuwar marke yana gyaran koma. A bayansa, cikin wani kwando da aka kife, wani abu yana motsi.

"Halliru, me ke cikin kwandon nan?"

"Ba komai."

"Ba komai ɗin ne ke motsi?"

Halliru ya yi tsuru-tsuru. Na'Allah ya sa ƙafa ya ture kwandon, zuciyarsa tana cewa Allah ya sa. Sai ga ƙatuwar kififiya ta miƙo wuya tana neman hanyar ruwa.

Halliru ya ce, "Don Allah kada matata ta ji. Ta ce in na sake kawo mata wannan abu gidan, ni da tukunyar za ta fitar. A daji nake gasawa."

Da a ce ranar daɗi ce da Na'Allah ya yi dariya har da hawaye. Ya ce, "Kai dai ba ka da kunya. To jiya yaushe ka bar ruwa?"

"Da hadari ya taso, wajen azahar. Aka yi ruwan nan mai ƙarfi, na gudu gida. Kuma wallahi lokacin da na fito 'yan tsakin suna nan, suna bin uwarsu. Ni ina ga guza ne, ko kada."

"Kada ba ya hawa tsibirin, ruwan wurin bai kai gwiwa ba. Guza kuma ɗaya zai ɗauka, ya bar gashi, ya bar jan wutsiya a taɓo. Biyu a lokaci guda, hannu ne."

Ya tashi da abu ɗaya a hannu. An yi ruwa da azahar, shanu sun zo da yamma sakaliya. Duk wanda ya ɗauke su, tsakanin nan ya shiga, kuma sawunsa yana ƙarƙashin na shanu.

*

Laraba da sassafe ya koma fadamar shi kaɗai, ba mai kallo ba mai yabo. Kirinjijiya suka tashi fuu suna fito, suka yi kewaye suka dawo. Gaurakan suna tsaye can gefe, sun gaji da kuka, sai jifa-jifa. Wannan karon ya bar tsibirin, ya faɗaɗa kewaye, yana tafe a duƙe kamar mai tsintar gyaɗa.

Ya daɗe kafin ya samu. A gefen gabas, inda shanu ba su cika bi ba, ga ƙafa gajera mai faɗi, ba takalmi, ta taka bayan ruwan sama. A wuri biyu kofaton saniya ya hau kanta. Ta shiga da sauƙi, ta fito da sauri, dunduniya ba ta ko taɓa ƙasa sosai. Sai dai gajerun ƙafafu masu faɗi sun fi talatin a Zangon Marke, kuma sawun ya hau dutse ya ɓace.

Ya koma baya ya sake bin sa a hankali, a nan ya ga abin da ya tsayar da shi. Tsakanin wata tsohuwar giginya da bakin ruwa akwai fili sumul, hanya miƙaƙƙiya. Tsohon sawun Halliru ya ratsa ta kai tsaye. Na mata masu cirar bado haka. Amma wannan ƙafa, da ta zo tsakiyar filin, sai ta karkata dama, ta yi ɗan kewaye kamar taku shida, sannan ta dawo hanya. A dawowa ma, duk da saurin da mutumin yake yi, ya sake kewayewa.

Na'Allah ya tsuguna ya duba abin da aka kewaye. Babu ƙaya, babu rami, babu gidan tururuwa, babu jan cikin maciji. Ƙasa ce kawai da 'yar ciyawa, faɗinta kamar tabarma ɗaya. Ya zauna nan har rana ta ɗaga yana juya abin. Mutum yana gudu da kayan sata a hannu, me zai sa ya kauce wa ƙasa tsura? Can ya ɗaga kai ya dubi fadamar gaba ɗaya, ya tuna irin wurin da yake zaune. Ya miƙe da sauri ya matsa gefe, ya yi salati.

Gabas ta fara haɗa hadari. Ya je ya yanko ganyen giginya, ya rufe sawun da ke kewayen, ya danne da duwatsu.

*

Cikin manyan da suka ga yaƙin da idonsu, Gwaggo Tasalla ce ta rage mai cikakken hankali. Idonta ya yi rauni, amma tana zaune a ƙofar ɗakinta tana kaɗi kamar kullum. Na'Allah ya durƙusa ya gaishe ta, suka taɓa hirar damina, sannan ya kawo maganar a kaikaice.

"Gwaggo, mutanen da aka rufe a fadama, akwai wanda aka san takamaiman inda yake?"

"Ina fa. Ranar ai ba ta lissafi ba ce. Kowa ta kansa yake, aka rufe su aka gudu kan dutse. Da aka dawo ruwa ya shafe komai." Mazarin ya tsaya a hannunta. "Sai dai nawa. Ni na san inda nawa yake."

"Maigidanki?"

"Watanmu bakwai da aure. Ina tsaye aka sa shi. Na ƙirga taku daga gindin giginyar nan ta gabas, goma sha biyu, ka fuskanci ruwa. Ban gaya wa kowa ba, don kada a ce na cika kuka. Mutane suna bi ta kai, shanu suna bi, ba su sani ba, Allah ba zai kama su ba."

Na'Allah ya so ya tashi a nan, amma ya tuna igiyar da ke hannun Sama'ilu. "Ko mutum ɗaya ba ki nuna wa ba, Gwaggo?"

"Sai ɗansa mana. Yana ciki aka yi abin, bai taɓa ganin ubansa ba. Tun yana tatata nake riƙe hannunsa mu je, in ce Falalu, nan babanka yake, ba a takawa. Har yau da furfura a gemunsa, ko da ido rufe ya bi wurin sai ya kewaye." Ta yi murmushi. "Me ya kawo tambayar?"

"Ba komai, Gwaggo. Na zauna a wurin ne ɗazu ban sani ba."

"Allah ya yafe mana. Ka yi masa addu'a dai."

Ya yi mata sallama ya fito. Falalu mutumin kirki ne, kowa ya sani, ko kazar wani bai taɓa kora ba. Kuma ga tsohuwa ta miƙa ɗanta da bakinta ba ta sani ba. Amma Na'Allah ya riga ya kira sunan mutum sau ɗaya a wannan mako, ya ga abin da ya biyo baya. Ya ƙudura a ransa wannan karon ba zai kira sunan kowa ba, sai dai jama'a su gani da idonsu.

*

Ruwan ya yi yayyafi ya wuce. Alhamis da safe, an riga an ɗaura wa dokin Di'o sirdi, Na'Allah ya faɗi gaban dagaci.

"Ranka ya daɗe, a taimaka a je fadama kafin a tashi. A zo da Sama'ilu, da Halliru, da duk wanda ya shiga wurin a makon nan."

Dagaci ya ɓata rai. "Ba kai ka ce Bafillacen nan ne ba?"

"Cewa na yi ƙafarsa ce. Ban gama aikina ba na yi magana, laifina ne."

Di'o ya ce a je. Aka ɗunguma, Adda tana can baya ita kaɗai. Falalu ya ɗauko kujerar Bature kamar kullum, sai dai duk ya faɗa, idanunsa sun zurma. Na'Allah ya tsayar da jama'a a gindin giginya, ya roƙi gafarar mamacin a zuci, sannan ya ce, "Ba wani abu nake so ba. Kowa ya taka daga nan zuwa bakin ruwa, in ga ƙafarsa a ɗanyen taɓo."

Halliru ya fara, ya tafi ɓagwai-ɓagwai kai tsaye. Sama'ilu ya bi, hannu a ɗaure, shi ma kai tsaye. Mata biyu masu cirar bado suka wuce suna rufe fuska da mayafi.

"Saura kai, Falalu. Kai ma kana zuwa da kujera."

Falalu ya ajiye kujerar. Duk hankalinsa yana kan yadda zai sauya taku, ya buɗe ƙafa ya yi dogon taki don kada a gane. Ya yi goma, ya yi sha ɗaya. Sai jikinsa ya karkata dama da kansa, ya yi kewayensa na taku shida ya dawo hanya, bai ma san ya yi ba.

Na'Allah ya je ya ɗage ganyen giginya ɗaya bayan ɗaya. Ga tsohon sawu, ga sabo a gefensa, sun kwanta tare kamar an auna.

"Wannan na ranar Litinin ne, bayan ruwa, kafin shanu. Duk garin nan kowa yana ratsa wurin nan kai tsaye. Mutum ɗaya ne ba ya iya takawa, don mahaifinsa ne a kwance a nan."

Falalu ya dubi sawun, ya dubi ɗan filin, sai ya zauna a taɓo ya rufe fuska.

"Suna nan da ransu," ya ce. "Suna cikin tsohon rumbun bayan bariki. Fara nake kama musu safe da yamma."

Wata irin ajiyar zuciya ta ratsa jama'a, har wasu suna hamdala a fili. Di'o ya matso. "Don me ka yi haka?"

"Kai na kamo wa, ranka ya daɗe."

"Ni?"

"Kwana shida kana kallonsu. Sau uku ka juyo ka ce mini, Falalu, dubi, suna da kyau ƙwarai. A wurinmu in baƙo ya yaba abu har sau uku, mai masauki bai ba shi ba, an yi abin kunya. Na ga ba wanda ya motsa, ga shi kana shirin tafiya. Na ce ai ba kashewa zan yi ba, ba jini, manya ma suna kiwonsu a gida. Na so in kawo maka ranar Talata in ka dawo daga fadama. Sai na ga ranka ya ɓaci, na ga an ɗaure bawan Allah nan, tsoro ya kama ni. Kullum in ce yau zan faɗa, in kasa. Kwana biyu ko tuwo ban iya haɗiyewa ba."

Di'o ya cire hularsa ya share goshi. "Ni kallo kawai nake yi," ya ce.

Halliru ya yi ƙasa da murya, amma kowa ya ji. "To mutum ya wuni yana leƙen abu, ba zai ci ba, ba zai ɗauka ba. Wa zai gane wannan?"

Dariya ta ɓarke, irin ta mutanen da suka kwana biyu a tsorace. Har dagaci sai da ya sa hannun riga ya rufe baki. Di'o ya ce ba alƙali, ba tashin ruga. Wanda ya ɗauko shi zai mayar, magana ta ƙare.

*

Falalu ya kawo su a cikin ƙwarya an rufe da faifai, 'yan mitsi-mitsi masu gashi ruwan ƙasa, suna ta tsiwa. Na'Allah ya sa jama'a suka ja da baya har gindin dutse. Falalu ya ratsa ruwa ya ajiye su a tsibirin ya dawo da gudu, don namijin ya taso masa da fukafukai a buɗe. Aka tsaya ana jira, ba mai ko tari. Macen ta sauka nesa kaɗan, ta tako a hankali, ta tsaya, ta karkata kai. 'Yan tsakin suka ruga wurinta. Ta sunkuya ta tsinci wani abu a ciyawa ta miƙa wa ɗaya.

Dagaci ya juya ya ce wa dogari, "Kwance shi."

Na'Allah ya ce, "A bar ni, ranka ya daɗe."

Ya je gaban Sama'ilu. Ƙullin ya ci ruwa ya ƙi kwantuwa, sai da ya sa haƙori. Da igiyar ta faɗi, bai tashi ba. Dattijo mai furfura ya durƙusa gaban yaron da a haife ya haife shi, a gaban dagaci da Bature da matan gari.

"Ba wannan igiyar ta ɗaure ka ba, Sama'ilu, bakina ne. Ka yafe mini."

Sama'ilu ya rikice, ya kama kafaɗarsa yana ɗagawa. "Haba Baba, tashi, mutane suna kallo. Na yafe, wallahi na yafe."

Adda ta ƙaraso. Ta kama hannuwan ɗanta ta juya su, ta daɗe tana duban inda igiya ta ci, hawaye suna zuba ba ta share ba. Sannan ta dubi Na'Allah, wanda har yanzu gwiwarsa ɗaya tana ƙasa.

Ta ce, "Ni ban yafe ba tukuna. Bukka uku na rushe jiya, kuma hannun yaron nan ba zai ɗauki itace ba yau."

Na'Allah ya miƙe, ya kakkaɓe taɓon gwiwarsa, yana jin jikinsa sakayau kamar wanda zazzaɓi ya saka.

"Ina gatarin yake, Adda?"

"Yana ruga. Wuce gaba."